Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga hukumomin Kano da iyayenmu masu unguwanni: an yi mana kwalta, mun rasa inda za mu taka

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mai girma kwamishinan ayyuka na jihar Kano, da shugabannin KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa da KNUPDA mai kula da tsara birni, da ciyamomin ƙananan hukumomi takwas na cikin gari, wato Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo, sai kuma iyayenmu dagatai da masu unguwanni. Ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo.

Ni dai ba wani ba ne, ɗan tireda ne, shagona yana daidai kwanar layinmu, kuma shekara goma sha ɗaya kenan ina buɗe shi bayan an fito daga asuba ban rufewa sai wajen goman dare. To duk wanda ya yi wannan zaman fuskarsa na kallon hanya ɗaya, ko ba ya so sai ya san hanyar nan fiye da yadda ya san tsakar gidansa. Na san ƙarar mashin ɗin kowa a layin, na san yaron da ke tsallakawa a guje ba ya duba ko'ina, na san tsohon da sai ya tsaya sau biyu ya huta kafin ya kai masallaci. Abin da na gani ne zan faɗa muku, in na yi kuskure a gyara min, in kuma harshena ya yi kaifi a wani wajen ku yi haƙuri, abin ne ya daɗe yana cina.

Da can layinmu turɓaya ne. Da rani ƙura, da damina taɓo, in an yi ruwa da daddare to da safe sai ka naɗe wando har gwiwa, mata kuwa sai dai su riƙa bin gindin katanga suna dafa bango. Mun yi shekaru muna roƙo, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a maganar kenan, a yi mana titi a yi mana titi. Ranar da motar daɓe ta shigo layin wallahi kamar sallah, yara suna binta a baya, dattawa sun fito da kujeru suna kallo suna sa albarka. Ni kaina sai da na raba ruwan leda kyauta wa leburori. Kuma har gobe muna godiya, ba butulci na zo yi ba, kar wani ya ɗauki wannan wasiƙar ya ce ai ɗan adawa ne, ni ba ruwana da jar hula ko wata hula.

Amma ga abin da ba mu hango ba. Layinmu yana tsakanin manyan titina biyu ne, da can ba wanda ke yarda ya sako motarsa ciki saboda ramuka, amma kwaltar na bushewa ko wata biyu ba a yi ba 'yan adaidaita sahu suka gano cewa in sun yanko ta nan sun tsallake danja da gosulon shataletale gaba ɗaya. Daga su sai masu gida-gida, sai 'yan ƙurƙura da lodin siminti, sai tifa mai yashi wadda in ta wuce har kwalaben da ke kan kantata sai sun yi ƙara. Kuma wanda ya shigo layi don gudun gosulo ai ba a hankali zai tafi ba, dama sauri ne ya kawo shi, lokacin da ya ɓata a babban titi a kanmu yake son ya fanshe. Ramukan da muke zagi ashe su ne ke tsare mana yara ba mu sani ba.

Ranku ya daɗe, abin da nake so ku gane shi ne layin unguwa ba titi ba ne irin titin Zariya ko titin Katsina. Layi tsakar gida ne na unguwa. Gidajenmu ƙofarsu a bakin hanya take, yaro in ya fito daga soro taku biyu ya yi ya hau kwalta, babu wani fili tsakani. A layin nan ake zaman majalisa, a nan yara ke langa da ƙwallo tunda filayen wasan duk an yanka an yi shaguna, a nan 'yar talla ke zama da farantinta, a nan ɗan garuwa ke tura kurarsa, a nan ake shimfiɗa tabarma in an yi rasuwa, ranar Juma'a ma sahu har kan hanya yake fitowa. An zo an shimfiɗa kwalta daga kwata zuwa kwata, santsi kamar faranti, ba a bar ko taku ɗaya an ce nan na mai ƙafa ne ba. To mai ƙafa ya bi ta ina? Ko ya tashi sama?

Bari in ba ku labarin abin da ya sa na zauna na rubuta wannan.

Wata ranar Talata ce da yamma, wajen biyar da rabi, lokacin tashin Islamiyya. Wanda bai taɓa ganin layinmu a wannan lokacin ba ba zai gane ba, yara ne sama da ɗari suke fitowa lokaci ɗaya, 'yan mata da farin hijabi, maza da jakar buhu a wuya, wasu na karatun da aka biya musu da ƙarfi wasu na tsere. Ina cikin auna wa wata mata sukari na ji ƙiiii na birki, sai ƙara kamar an yar da buhun masara, sai kuma shiru na ɗan lokaci kafin ihu ya tashi. Wannan shirun har yanzu yana kunnena. Na fito da gudu ko takalmi babu. 'Yar maƙwabcina ce, shekararta bakwai, kullum sai ta tsaya a shagona ta sayi alewar naira ashirin ta ce in ƙara mata ɗaya gyara. Tana kwance a gefen kwata, hijabin ya naɗe a ƙarƙashin tayar gaba, takalminta ƙafa ɗaya yana can tsakiyar hanya, littafinta na Ahalari ya faɗa cikin kwatar. Ba ta ma yi kuka ba da farko, idonta kawai a buɗe tana kallonmu, ƙafarta ta dama ta juya ta inda ƙafa ba ta juyawa.

Shi kuma direban, da muka ɗago kai muka dube shi, yaro ne wallahi, gemu ko ɗigo babu, jikinsa sai rawa yake yana ta faɗin innalillahi, baba wallahi ban gan ta ba, wallahi fitowa ta yi. Matasa sun taso za su rufe shi da duka dattawa suka shiga tsakani. A cikin adaidaitan nasa aka ɗauke ta zuwa asibiti, ni na riƙe ta a cinyata. Karaya ce a cinya, sai da aka yi mata aiki aka sa ƙarfe, ta yi watanni ba makaranta, uban ya sayar da keken ɗinkin uwar da ragon da yake turke don sallah. Alhamdulillahi tana raye tana takawa, amma tana ɗan jan ƙafar, kuma yanzu in za ta zo shagona sai ta tsaya a ƙofar gidansu ta ƙwala min kira in zo in tsallako da ita, hanyar da faɗinta bai fi taku bakwai ba.

Bayan kwana biyu mai adaidaitan ya zo da 'yan uwansa, aka zauna a soron mai unguwa, aka yi ta ba da haƙuri, suka kawo abin da ya sawwaƙa, uban yarinya ya ce ya yafe ƙaddara ce. Ni ma na yarda ƙaddara ce, Musulmi ne ni. Amma Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi tukunna sannan ya yi tawakkali. Mu ba mu ɗaure komai ba. An tashi daga soron nan an yi addu'a an watse, washegari da biyar da rabi adaidaita suka ci gaba da wucewa da irin gudun jiya, a daidai wajen da jinin bai gama gogewa ba. Kalmar ƙaddara ta zama bargon da muke lulluɓe sakacinmu da shi, mu da ku baki ɗaya.

Sai matasan layi suka ce su za su yi maganin abin. Aka yi karo-karo, ɗari biyar dubu ɗaya, ni na ba da buhun siminti guda. Da daddare suka kwaɓa suka gina tudu har uku a kan kwaltar, kowanne kamar kunyar dankali, tsayi kusan tsawon bulo kuma siriri, ba fenti ba alama. To me ya faru? Sati bai cika ba wani bawan Allah mai mashin da ya ɗauko matarsa da goyo da daddare ya hau na farkon bai sani ba, su uku suka zube, Allah ya tsare jaririn amma matar ta rasa haƙora biyu. Ƙananan motoci kuma kullum sai ka ji ƙuuu cikinsu ya daki siminti, direba ya fito yana zagin unguwa. 'Yan sahu su kuma da yake abin hawansu siriri ne sai suka koma raɓawa ta gefen tudun, ta daidai bakin ƙofofin gidaje, wato inda yaran suke tsayawa kenan. Garin neman gira mun kusa rasa ido. Daga baya wasu suka zo da diga cikin dare suka fasa biyu, ya bar rami a kwaltar, ruwa ya samu wajen zama, yanzu wajen ya fara cinyewa.

Ban ga laifin yaran nan ba, abin da suka iya kenan. Kuma ku zaga unguwannin Kano ku gani, ko'ina haka ne, wani layin gungumen icce aka gicciya, wani tsohuwar taya, wani igiyar jirgi mai kauri, wani an haƙa rami a kwaltar da gangan. Duk inda kuka ga irin wannan to ku tambaya, yawanci sai an buge wani yaro a wajen sannan aka sa. Tudun rage gudu aikin injiniya ne. Na ƙa'ida ba ya wuce kamar santimita 10 a tsayi, amma yana da faɗi mita uku zuwa huɗu ta yadda mota za ta hau a hankali ta sauka a hankali, yana kamawa daga wannan gefen har wancan ba a bar wajen raɓawa ba, a shafa masa fenti mai ɗaukar ido, a kafa allo kafin a iso shi. Da an sa wannan cikin takardar kwangila tun farko, nawa zai ƙara a kan kuɗin titin gaba ɗaya? Ko kuɗin allon da ake kafawa mai hoton wanda ya kawo aikin ina jin ya isa a yi guda biyu.

Wani ƙanena da ya yi karatun injiniya ya zauna ya yi min lissafi a bayan kwalin taliya, kuma lissafin ya tsaya min a rai. Abin hawa da ke gudun kilomita 50 a awa yana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Daƙiƙa ɗaya kuwa ita ce kusan abin da direba mai hankali a jikinsa ke ɗauka tsakanin ya ga yaro da ya kai ƙafarsa kan birki, wato kafin birkin ma ya fara kamawa ya riga ya wuce ƙofar gida biyu. In kuwa 30 yake yi, mita 8 da 'yan kai ne. Sannan ƙarfin bugun ba daidai da gudun yake ƙaruwa ba, in ka ninka gudu sau biyu ƙarfin bugun sau huɗu yake ninkuwa. Shi ya sa yaron nan da ya ce bai gan ta ba ban ƙaryata shi ba, ko ya gan ta ma, lokacin tsayawa ne babu. Dokar hanya ta ƙasa ta ce cikin gari kilomita 50 ne, to 50 a titin Murtala Muhammad daban, 50 a layin da yaro ke fitowa daga soro daban. A taron da ƙasashen duniya suka yi a Stockholm a 2020 kan kiyaye haɗurra sun amince cewa duk inda mutane da ababen hawa ke cakuɗuwa kar gudu ya wuce 30. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a rahotonta na 2023 ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Ba zazzaɓi ba, ba yaƙi ba, hanya. Wanda ke ganin lissafin Turawa ne kawai ya je asibitin ƙashi na Dala ya leƙa ɗakin yara ya tambayi iyayen da ke zaune a bakin gado me ya kawo su.

Kano ta yi gadoji masha Allah. Ƙofar Nasarawa, Gadar Lado, Kabuga, Ƙofar Ruwa, Dangi, doguwar gadar Sabon Gari, ta Hotoro, baƙo in ya shigo sai ya riƙe baki. Ban ce kar a yi ba. Amma duk wannan na mai mota ne, kuma a layinmu gida nawa ne ke da mota? Ko wanda ke da ita, matarsa da ƙafa take zuwa gidan suna, 'ya'yansa da ƙafa suke zuwa Islamiyya, shi kansa da ƙafa yake zuwa sallar isha. Ku tuna watan Janairun 2022 da 'yan adaidaita sahu suka yi yajin aiki na kwanaki, garin nan kaf ya koma tafiyar ƙafa, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa kowa ya sha sayyada. A kwanakin nan na ji mutane da yawa suna cewa ashe babu wajen tafiya a garin nan, ashe gefen titi duk an cinye. To mu da yaranmu da tsofaffinmu kullum a cikin wannan yajin aikin muke.

Kuma don Allah kar a ce za a huce a kan ɗan sahu kawai, a fito a yi kamen kwana uku a ci tara a koma. Na san su, abokan cinikina ne, a shagona suke shan ruwa. Adaidaita sahu ta shigo ne zamanin Malam Shekarau don ɗaukar mata, ba ta da yawa a lokacin, sai da aka hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero sannan kowa ya koma kanta, garin ya cika maƙil. Yawancin masu tuƙin ba nasu ba ne, balas suke kaiwa kullum, ga mai ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023, ga kuɗin haraji, to mutum yana tashi da bashi a wuyansa kafin ya samu na cefane dole ya riƙa ganin kowane minti kamar kuɗi ne ke zuba. Wannan ba uzuri ba ne na taka ɗan mutane, amma in ba a gane shi ba ba za a gane me ya sa wa'azi kaɗai ba ya hana su gudu ba. Abin da ke hana gudu shi ne hanyar kanta ta ƙi ba da damar gudun. Wanda ya fi ba ni haushi ma shi ne mai adaidaitan da zai yi aikin safe, da yamma ya miƙa wa ƙaninsa ko yaron gidansu ɗan shekara sha huɗu sha biyar makulli ya ce je ka ɗan zaga, shi kuma yaron ya san a babban titi za a iya tare shi sai ya shigo lungu inda ba mai tambayarsa lasisi. Wato layin unguwa ya zama makarantar koyon tuƙi, yaranmu su ne abin gwaji. 'Yan KAROTA tun da aka kafa hukumar a 2012 a manyan mahaɗu muka saba ganinsu, kuma can ma ana buƙatarsu, amma da za a ware ko mutum bibbiyu a riƙa turawa ƙofar makarantun cikin unguwa na awa ɗaya kacal, lokacin tashi, da an ga bambanci. Ƙungiyoyin 'yan sahu ma suna da shugabanni a kowace tasha, sun san wa ke ba yara tuƙi, a kira su a zauna.

Yanzu bari in juyo kanmu, don in na tsaya a kan hukuma kawai ban yi adalci ba, kuma iyayenmu masu unguwanni nan ne naku ya fi yawa.

Ɗan gefen da ya rage tsakanin kwalta da katanga, wa ya cinye shi? Mu ne. Ni na farko. Rumfar kwano na yi a gaban shagona na jera kiret ɗin lemo da buhunan gawayi da firiza, sai bayan abin nan ya faru na tsaya daga inda yarinyar ta fito na duba, na ga ashe rumfata tana tare wa mai fitowa daga lungun ganin abin da ke tahowa, shi ma direba ba ya ganin yaro sai ya riga ya shigo hanya. Daren nan ban yi barci ba. Washegari na cire rumfar na mayar da kayan ciki, shagon ya matse ciniki ya ɗan ragu, amma wallahi da in sake riƙe ɗan wani a cinyata gara shagon ya rufe. To irina nawa ne? Mai gini ya zube yashi da bulo a rabin hanya wata shida. Mai gida ya fito da dakalinsa da matakalar shiga mota har kan kwalta. Mai wanki da guga, mai faci, mai suya, mai cajin waya da kwantenarsa. Alhaji mai mota uku gareji ɗaya, biyun a waje suke kwana su wuni. Mai biki ya kafa rumfa ya toshe layi tun Juma'a har Lahadi ba tare da ya nemi iznin kowa ba, motocin duk su karkata su afka ƙaramin lungun da ko kura biyu ba sa wucewa tare. Sai kuma ranar kai amarya, samari su cika mota su zauna a kan taga suna wasa da sitiyari a cikin unguwa, da 'yan kilisa da ke sakin doki a guje ranar Lahadi da yamma. Waɗannan ba daga wata duniya suka zo ba, 'ya'yanmu ne, mai unguwa ya san uban kowa. A hadisi an ce in dole sai kun zauna a bakin hanya to ku ba hanya haƙƙinta, kuma cikin haƙƙin nan har da kamewa daga cutar da mai wucewa, an kuma ce kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Muna jin wannan a wajen karatu mu gyaɗa kai, mu fito mu tsallake yashin da muka zube da hannunmu. Ina roƙon limamanmu su ɗauki Juma'a guda su yi huɗuba a kan wannan kaɗai, da sunan abubuwan, yashi, rumfa, fakin, ba a dunƙule ba.

Sai maganar kwata. An gina mana magudanar ruwa mai zurfi gefe da gefe, aiki mai kyau, amma a buɗe aka bar ta, kowa ya sa katako ko guntun silab a ƙofar gidansa. To in mota ta taho mai ƙafa ba shi da inda zai kauce sai cikin kwata. Akwai wani dattijo makaho a layinmu da ya shekara talatin yana zuwa masallaci shi kaɗai da sandarsa, ya haddace kowane dutse, tun da aka yi aikin nan sau biyu yana faɗawa, yanzu sai an samu yaron da zai ja shi, in ba a samu ba a gida yake sallah, kuma ya faɗa min da bakinsa abin yana yi masa ciwo. Alhali da an rufe kwatar nan da silab mai ƙwari tun daga farko har ƙarshe, a ɗan ɗaga ta sama da kwalta, shikenan an samu hanyar masu ƙafa ba tare da an rushe katangar kowa ba, jifa ɗaya tsuntsu biyu, har shara ma ta rage shiga. Sai dai a bar wajen buɗewa don yasa, kuma KNUPDA da masu unguwanni su tsaya kar a wayi gari an jera tebura a kai, don na san halinmu. Fitila ma haka, manyan titina sun samu masu sola, cikin layi kuwa bayan magariba sai hasken shagona da na mai shayi, ga adaidaita da yawa fitila ɗaya gare su ko babu, ga mata da baƙin hijabi suna dawowa daga makarantar dare.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin ƙafar gada ɗaya ba. Duk layin da za a yi wa kwalta ko intalok daga yau, a sa tudun rage gudu na ƙa'ida da rufin kwata cikin kwangilar, kar a biya ɗan kwangila sai an ga su. Waɗanda aka riga aka yi kuma a fara da inda makaranta take, firamare ko Islamiyya ko ta allo, da ƙofar masallaci da asibitin sha-ka-tafi, kowane kansila ya san su a mazaɓarsa ba sai an kafa kwamiti ba. A cire mana kunyoyin da muka gina da jahilci a sa na gaskiya. Tifa da manyan motoci a hana su yanke ta cikin unguwa in ba kaya suka kawo nan ba, turakun ƙarfe guda biyu a bakin layi sun isa. Sannan a faɗa mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa, ofishi ɗaya, takarda ɗaya, in mutanen layi sun haɗu suna son a sa musu tudu, ko da mu za mu sayi simintin ku ku turo mai auna mana. Za mu saya wallahi, mun riga mun saya sau ɗaya ai.

In kuma akwai wanda a cikinku yake ganin na zuzuta, ina gayyatarsa, ba sai da jiniya ko 'yan rakiya ba, ya sa kayan gida ya shigo kowace unguwa da ke tsakanin manyan titina biyu ranar Asabar zuwa Laraba da ƙarfe biyar da rabi na yamma ya samu benci ya zauna minti talatin. In layinmu Allah ya kawo shi zai gane shagon, shi ne na kwana wanda ba rumfa, akwai benci akwai ruwa mai sanyi, kuma zai tarar da ni a tsakiyar hanya da tsumma ja ɗaure a sanda ina tare adaidaita har yaran su gama wucewa, don tun ranar Talatar nan aikin da na ɗora wa kaina kenan, matar da ke jiran sukari ta jira.

Wassalam.

Naku,
Wani ɗan tireda daga cikin birnin Kano.